Yadda Ake Shirya Sukuwar Tunawa da Abokin Aiki da Ya Rasu a Damagaram

Idan abokin aiki ya riga mu gidan gaskiya, musamman wanda aka san shi da son doki, irin mutumin da yake tashi daga wurin aiki ya biya ta barga kafin ya shiga gida, abin da yakan fara zuwa zukatan abokansa shi ne a shirya sukuwa da sunansa. Wannan niyya ce mai kyau, kuma ta dace da Damagaram, inda doki yake da daraja tun zamanin Sarki Tanimun, wanda mulkinsa ya kai shekarar 1884, kuma har gobe hawan salla a ƙofar fada da ke Birni yana tara jama'a daga kowace unguwa. Sai dai ya kamata masu wannan niyya su fahimci abu ɗaya tun daga farko: sukuwa ta masu rai ce, su za su kalla, su za su ji daɗi, amma abin da yake isa ga mamaci shi ne addu'a da sadaka da biyan bashinsa da kula da waɗanda ya bari. Saboda haka duk tsarin da za a yi, a yi shi ta yadda sukuwar za ta zama hanyar jawo masa waɗannan abubuwa, kada ta cinye kuɗin da ya kamata ya isa ga marayunsa.

Matakin farko shi ne zuwa gidan marigayin, kuma wannan ba aikin wayar salula ba ne. A zaɓi mutum biyu ko uku daga cikin dattawan ma'aikata, waɗanda iyalin suka san fuskokinsu tun lokacin zaman makoki, su je su sami babban gidan, mahaifi ne ko yaya ko kawu. Bayan gaisuwa da addu'a, wanda ya fi shekaru a cikinsu ya yi magana a taƙaice, kamar ya ce: "Baba, mu abokan aikin marigayi ne, Allah ya jiƙansa da rahama. Mun san irin ƙaunar da yake yi wa dawaki, shi ya sa muka yi shawarar shirya sukuwa da sunansa domin jama'a su taru a yi masa addu'a, a kuma tara wani abu saboda yara. Ba za mu ɗaga ƙafa ba sai da izininku." Daga nan sai a yi shiru a saurara, kada a matsa a ba da amsa a ranar. Matar marigayin ma tana da haƙƙin a ji ta bakinta, kuma ya fi kyau abokan aiki mata su shiga wurinta su yi mata bayani. Akwai gidajen da suke ganin taron kiɗa da dawaki bai dace da mutuwa ba, kuma suna da malamansu da hujjojinsu. Idan aka ce a'a, magana ta ƙare, sai a karkata kuɗin zuwa haƙa rijiya ko gyaran masallaci ko biyan kuɗin karatun yara, ba tare da wani ya ƙullaci kowa ba.

A wannan zama ne kuma za a tambayi abin da mutane suke jin nauyin tambaya: shin akwai bashi a kansa? Shin an kammala takardun haƙƙoƙinsa na aiki? Ma'aikacin gwamnati a Nijar, fanshonsa yana hannun hukumar fanshon ma'aikatan gwamnati ta CARENI, ma'aikacin kamfani kuma yana hannun hukumar asusun tallafin ma'aikata ta CNSS, kuma kowanne yana buƙatar takardar shaidar mutuwa da takardun aure da na haihuwar yara da takardar magada daga kotu. Abokan aiki sun fi iyali sanin ƙofofin da ake bi, kuma sau da yawa bazawara mai ƙananan yara ba ta da halin zirga-zirga tsakanin Damagaram da Yamai. A ganina, kwamitin da bai ɗauki nauyin wannan aiki ba, bai kamata ya fara maganar kofi da tuta ba.

Idan marigayin ya bar doki, a tuna cewa dokin ya zama dukiyar magada tun daga ranar rasuwa. Ba a sa shi a tsere don kawai abokai suna son ganinsa a fili, domin idan ya karye ko ya samu rauni, asarar ta marayu ce. Idan magada sun amince, ana iya fito da shi a yi kilisa da shi a gaban jama'a, ɗan marigayin ko ƙaninsa yana kai, wannan ya wadatar.

Game da hukuncin addini, ya kamata kwamiti ya zauna da malamin da iyalin suka yarda da shi, amma akwai abin da yake sananne. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere a Madina tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, wanda ya fi kusa sosai. Akwai kuma hadisin da ya halatta ba da kyauta a gasar harbi da tseren raƙuma da na dawaki. Inda matsala take shi ne tushen kyautar. Idan wani na gefe ne ya ba da ita, kamar kwamiti ko attajiri ko shugaban ma'aikata, babu saɓani a kan halaccinta. Idan kuwa masu dawaki ne kowa ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, to an shiga hurumin caca, kuma malaman mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan ba su sassauta a kan haka ba. Don haka kada a karɓi kuɗin shiga tsere daga hannun masu dawaki a mayar da shi kyauta. Haka kuma a sa ido a bakin fili, domin samari da suka saba da cacar tseren dawakin Faransa suna iya ƙulla tasu a gefe, kuma babban abin kunya ne a ce an yi caca a taron da aka buɗe da addu'a ga mamaci. Sanƙira ya faɗa da babbar murya tun farko cewa an hana, a kuma sanar da jami'an tsaro.

Wannan hadisi na ɗan Umar yana koyar da wani abu na tsari, wato ba a haɗa doki mai horo da marar horo a tazara ɗaya. Za mu dawo kansa.

Zaɓen rana yana buƙatar natsuwa. Matar mamaci tana takaba wata 4 da kwana 10, kuma bai dace a yi taro da algaita da sunan mijinta tana cikin wannan hali ba, don haka a jira ta fita. Mutane da yawa sukan zaɓi cikar shekara, kuma hakan yana ba da isasshen lokacin shiri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ta fuskar yanayi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa a Damagaram. An gama girbi, harawa da dusa sun samu da sauƙi, dawaki sun murmure, manoman Mirya da Magariya da Matamai da Kance sun samu sararin zuwa da dabbobinsu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma sa doki gudu a irin wannan yanayi zalunci ne ga dabba da mahayinta. Da damina ƙasa tana santsi, jama'a kuma suna gona. A kauce wa watan azumi da makon salla, saboda dawakin gari suna da hidimar hawa, a kauce wa Alhamis saboda ranar babbar kasuwa ce, Juma'a kuma saboda masallaci. Asabar ko Lahadi bayan sallar la'asar shi ne daidai. A watan Disamba abin da ke tsakanin la'asar da magariba bai wuce kimanin awa 2 da rabi ba, don haka tsere huɗu ko biyar sun isa, kuma dole ne a tashi kafin kiran salla. Idan ranar ta zo da hazo mai kauri har alƙali ba ya hango ƙarshen fili, a ɗage taron, wannan ba abin kunya ba ne.

Kwamiti ya kasance ƙarami, amma lalle a cikinsa a samu wakilin iyali da wani wanda ya san harkar sukuwa a aikace, domin ma'aikacin ofis, komai kyan niyyarsa, ba zai iya bambance dokin da ya shirya da wanda bai shirya ba. A rubuta wa hukumar birni takardar neman izini da wuri, a sanar da ƴan sanda, a tuntuɓi shugabannin ƙungiyar masu dawaki na jiha, waɗanda su ne suke da alaƙa da hukumar wasannin dawaki ta ƙasa kuma su suka san yadda ake samun filin sukuwa. Sannan a kai gaisuwa fada. A Damagaram ba a tara dawaki da yawa a gari fada ba ta sani ba, kuma hanyar da ta dace ita ce a bi ta hannun mai unguwa ko wani bafade ya yi wa kwamiti iso, a faɗi, a yi gaisuwa da "Allah ya ja zamanin Sarki", a bayyana buƙata, a roƙi albarka da wakilci. Zuwan wakilin Mai Martaba da dogarai yana sa taro ya natsu fiye da yadda lasifika za ta iya sa shi.

Batun kuɗi shi ne inda irin wannan taro yake gyaruwa ko ya lalace. Shawarata ita ce a buɗe asusu biyu tun ranar da aka fara karo-karo, ɗaya na iyali, ɗaya na hidimar taro, kuma a yanke tun farko cewa ba za a taɓa na iyali ba ko da na taro ya gaza. Idan za a bi ra'ayina, abin da za a ware wa iyali kada ya gaza rabin duk abin da aka tara. Idan kuɗin taro ya yi kaɗan, a rage yawan rumfuna da kujeru, a rage girman kofi, a bar buga riguna da huluna masu hoton marigayin, waɗanda suke cin kuɗi kuma iyalai da yawa ba sa jin daɗin ganinsu. Kada a tilasta wa kowa, kada a yanke wa ma'aikata daga albashi ba da yardarsu ba, kuma kada a watsa sunaye da adadin da kowa ya bayar a zauren WhatsApp na ma'aikata, domin mai gadi ko direban da ya ba da jikka ɗaya mai yiwuwa ya fi wanda ya ba da jikka hamsin sadaukarwa. Ma'aji ya riƙe littafi, mutum na biyu ya riƙa sa hannu tare da shi a kan duk abin da ya fita. Idan ƴan kasuwa ko kamfanoni sun ba da gudummawa, a gode musu da baki a wurin taro, amma kada a bar fili ya cika da allunan talla har sunan marigayin ya ɓace. Ƴan siyasa su zo a matsayin masu ta'aziyya, ba a ba su lasifika su yi jawabi.

Kyaututtuka ba sai sun zama kuɗi masu yawa ba. Buhun gero da damin harawa da sabon sirdi ko linzami ko jalala suna da amfani ga mai doki, kuma ana samunsu a hannun dukawa da maƙeran gari, wanda hakan yake sa kuɗin ya tsaya a Damagaram. A ware wa mahayi nasa kason daban da na mai doki, a kuma tuna da ƴan barga, waɗanda su ne suke tashi da asuba su share turke su ba da ruwa, amma ba a cika kiran sunansu ba.

Yanzu sai maganar dawakin kansu. Kamar yadda hadisin ɗan Umar ya nuna, a raba su aji-aji da taimakon masana: dawakin gida daban, waɗanda ake kawowa daga Cadi ko Sudan da ruwa-biyu daban, ƙanana da ba su gama ƙwari ba su ma daban a gajeriyar tazara. Tazarar mita 1,000 zuwa 1,200 ta ishi dawakin da ba su saba ba, babban tsere na kofin marigayi kuma ana iya kai shi mita 1,600 ko 2,000, a ajiye shi a ƙarshe. Kada doki ɗaya ya yi gudu sau biyu a yammaci ɗaya, ko da mai shi ya roƙa. A nemi likitan dabbobi daga ma'aikatar kiwo ya duba kowane doki da safiyar ranar, kuma a ba shi cikakken ikon hana wanda bai gamsu da shi ba, ko da dokin wani babba ne. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, don haka wanda ya haura wannan, ko yake tari, ko majina take zuba daga hancinsa, a mayar da shi gida nan take kuma kada ya sha ruwa a mazubi ɗaya da sauran, domin murar dawaki tana yaɗuwa da sauri a inda dabbobi suka taru daga garuruwa daban-daban. A ja doki ya yi sassarfa a kan ƙasa mai tauri a tsaya a gabansa a kalla: idan yana ɗaga kai sama duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, to wannan ƙafa tana masa ciwo. A shafa kofato da tafin hannu a ji ko ɗaya ya fi sauran zafi. A ɗaga jalala a duba gadon baya, domin sau da yawa a ƙarƙashin ado mai kyau ake samun miki ɗanye da sirdi ya ci. A duba gefen baki, saboda linzami mai kaifi yana tsaga shi, kuma kumfa mai jini ba alamar ƙarfin doki ba ce.

Ruwa kuwa, kowa ya san halin da Damagaram take ciki a kansa, don haka kada a dogara da famfo a ranar taro. Doki yana iya shan lita 25 zuwa 50 a yini, kuma bayan gudu ana buƙatar ƙarin wanda za a zuba masa a wuya da ƙirji da ƙafafu. A yi ciniki da mai tankin ruwa ko ƴan garuwa tun kwana biyu kafin ranar, a cika duro-duro a ajiye a inuwa. A daina ba doki hatsi awa 3 zuwa 4 kafin tsere, bayan tsere kuma a zagaya da shi a hankali har numfashinsa ya daidaita, ana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi damuna a harkar sukuwa shi ne yaran da ake ɗorawa a kan dawaki saboda rashin nauyinsu. Dokin tsere yana iya kusantar kilomita 60 a awa, kuma yaron da ya faɗo daga kansa a wannan gudu ba tare da kariya ba, Allah kaɗai yake kiyaye shi. Taron da aka shirya don tunawa da mamaci bai kamata ya jawo wa wani gida sabon makoki ba. Kwamiti ya sa mafi ƙarancin shekarun mahayi ya tsaya a kai, ya nemi yardar uba ko waliyyi ga duk wanda bai kai shekara 18 ba, ya kuma tanadi hular kwano mai maɗauri, ko da irin ta masu babur ce, a hana kowa hawa ba tare da ita ba. Kafin a tashi, wani dattijo ya bi dawaki ɗaya bayan ɗaya ya ja majayi ya ji ko ya ɗauru, ya duba igiyar likkafa ko ta tsufa. A taƙaita bulala, a hana ƙaimi mai huda fata. Motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikacin jinya su iso kafin a fara, a tsayar da motar inda hanyarta ta fita zuwa babban asibitin gari take a buɗe, kuma idan ba ta iso ba, kada a saki doki ko ɗaya.

Filin ma a bi shi da ƙafa da safe, a cike ramuka, a tsince duwatsu da fasassun kwalabe da ledoji, a ja igiya mai ƙarfi tsakanin ƴan kallo da hanyar gudu, musamman a kwana da wurin ƙarewa inda jama'a suke turuwa. A sa matasa masu alama a hannu su riƙa korar yara da awaki daga hanya, a kuma ware wa ƴan kabu-kabu wurin ajiye babura nesa da dawaki, domin ƙarar inji tana firgita su. A tanadi rumfar mata daban, da wurin alwala.

Rigimar sukuwa kusan kullum a wuri biyu take tashi, wajen tashi da wajen ƙarewa. A jefa ƙuri'a a gaban masu dawaki don sanin inda kowa zai tsaya, a bayyana tun farko abin da za a yi idan wani ya riga tuta fita. A ja layin ƙarewa da farar ƙasa, a tsayar da alƙalai uku waɗanda ba su da doki a tseren kuma ba su da dangantaka da masu shi, a sa mutum ɗaya ya tsaya daidai saitin layin yana ɗaukar bidiyo da waya ba tare da motsawa ba. Idan dawaki biyu suka iso kai da kai, a duba hoton kafin sanƙira ya buɗe baki, kuma hukuncin alƙalai shi ne na ƙarshe.

Tsarin taron kansa ya zama mai sauƙi. Liman ya buɗe da addu'a ga marigayin da sauran mamata, kuma idan an yi saukar Alƙur'ani da safe a gida ko a masallacin unguwa, ya fi kyau. Idan marigayin Kirista ne, a tambayi iyalinsa da shugaban cocinsu yadda suke so a buɗe. Mutum ɗaya daga cikin abokan aiki ya yi magana ta ƴan mintoci, ya faɗi abin da ya sani na gaskiya game da shi, kamar yadda yake riƙon amana ko yadda yake taimakon sababbin ma'aikata, ba tare da ƙarin gishiri ba. A yi magana da makaɗa da maroƙa tun kafin ranar, a biya su ladansu, a gaya musu cewa ba a son zambo, ba a son kirarin da zai tayar wa iyali da kuka, ba a kuma son su bi baƙi suna roƙo. Kofin ƙarshe, babban ɗan marigayin ko wakilin gidan ne ya dace ya miƙa shi. Amma kuɗin iyali kada a miƙa shi a bainar jama'a, kada a ɗauki hoton marayu suna karɓa.

Washegari ko bayan kwana biyu, waɗanda suka je neman izini tun farko su koma gidan da kansu, su kai abin da aka tara tare da takardar lissafi, a gaban babban gidan da matar marigayin ko wakilinta. Idan akwai ƙananan yara, a tattauna da su ko ya fi kyau a riƙa biyan kuɗin makaranta kai tsaye duk shekara maimakon a ba da kuɗin gaba ɗaya. A karanta wa ma'aikata cikakken lissafi a taro, abin da ya shigo da abin da ya fita, a aika godiya fada da hukumar birni da masu dawaki, a kuma leƙa duk mahayi ko dokin da ya samu rauni, a biya kuɗin magani daga asusun taro. Game da mayar da sukuwar ta shekara-shekara, kada a yi alkawari a lasifika ranar taro lokacin da zukata suka motsa. A bari a ga lissafi, a sake tambayar iyali, kuma idan an yanke shawarar ci gaba, a rubuta sunayen waɗanda za su riƙe aikin idan aka yi wa na yanzu canjin wurin aiki, a ajiye littafin ma'aji da kwafin takardun izini a hannun wakilin iyali.